Tambayi Bakanike: An yi wa injin yankan katakona aiki, yana tashi amma ba ya zama

TAMBAYA

Assalamu alaikum Baba bakanike, barka da aiki, Allah ya ƙara basira. Don Allah wata matsala ce ta ishe ni. Ina da injin yankan katako Stihl MS 381, na hannu na saye shi kuma na daɗe ina aiki da shi ba wata damuwa, sai kwanakin baya ina cikin yanka wani ƙaton dogon yaro da iska ta kayar sai naji ƙararsa ta canza ta yi sama sosai kamar yana ihu, kafin in ankara ya tsaya cak, igiyar ma ta ƙi jawuwa. Na kai wa wani mai gyara a nan garinmu, shi dai asalin aikinsa janareta ne da injin ban ruwa amma yana taɓa irin wannan, ya buɗe yace fistin ya ci, sai na shiga Gombe na sayo sabon bulok da fistin da ringi da gasket, har kayan cikin kafireta yasa na haɗo, ya ɗaura komai. To yanzu Baba injin yana tashi, ja biyu ja uku da cok ya kama, amma ba ya zama, ɗan kaɗan zai yi ya mutu. In na ɗiga masa fetur ta bakin kafireta sai ya tashi da ƙarfi ya cinye wanda na ɗiga ya sake mutuwa. In na cire filtar iska na ɗan toshe bakin da yatsa yakan ɗan jima, kuma a lokacin silo ɗinsa sama yake har sarƙa na gudu ita kaɗai, amma da na danna totur sai ya yi buuu ya ɗauke. Mun canza fulogi, mai gyaran ya murɗa kusoshin kafireta har ya gaji, yanzu yace sabuwar kafireta zan saya. Ni kuma kuɗi sun riga sun tafi, ga masu aiki suna jirana. Menene shawara?

Daga mai karatunku a Kumo, jihar Gombe

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanina, sannu da ɗawainiya. Riƙe kuɗinka tukuna, kada ka sayi kafiretar nan, kuma don Allah daga yau ka daina tayar da injin kana ba shi wuta don ka ga ko zai zauna, zan gaya maka dalili.

Bayanin da ka yi ya rage mana rabin aiki. Injin da ke tashi a ja biyu ja uku yana da wuta, matsinsa ma ya isa, kenan fulogi ba shi da laifi, kun hukunta wanda bai ji ba bai gani ba. Kuma tunda yana cinye man da ka ɗiga masa ya mutu, yana kuma ɗan rayuwa in ka toshe masa iska, to magana ɗaya ce, man da ke isa cikinsa ya yi kaɗan a kan iskar da yake shaƙa. Ko dai man ne ba ya zuwa, ko kuma iska ce ke shiga ta inda bai kamata ba, wani lokacin ma duka biyun ne.

Amma abin da ya fi tsaya min a wasiƙarka shi ne wancan ihun da kace injin ya yi kafin ya tsaya. Shin akwai wanda ya tambaya me ya cinye fistin na farko? Don fistin ba ya cin kansa haka kawai. Irin wannan injin ba shi da wurin zuba baƙin mai daban kamar na mota ko Boxer, man da ke shafa fistin da boris shi ne wanda ka haɗa cikin fetur, kuma fetur ɗin da kansa yana taimakawa wajen sanyaya shi. To duk ranar da iska ta yi yawa mai ya yi kaɗan, gudu zai ƙaru, zafi ya ƙaru, shafawa ta ragu, a inji mai juyawa sama da sau 12,000 a minti ɗaya kuwa ba a ɗaukar lokaci fistin zai narke ya manne a jikin bulok. Mai gyaranka ya canza abin da ya lalace, amma ban ga inda kace ya nemi abin da ya lalata shi ba. In ɓarakar tana nan, to ita ce ke hana injin zama yanzu, kuma in kuka dage da murɗa kusoshi har ya zauna da ƙarfin tsiya, sabon bulok ɗin ma hanyar tsohon zai bi.

Bari mu fara da abin da ba ya cin ko sisi. Juye man da ke tanki cikin farar gorar ruwa ka ajiye ta ɗan lokaci ka duba ƙasanta, in akwai ruwa zaka gan shi ya kwanta daban. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ba wanda ke iya zubar da ragowar haɗi, sai ka ga mutum ya ajiye galan wata da watanni, ga kuma na 'yan bumburutu da ba ka san me aka sirka a ciki ba, don haka ka samo sabon mai daga gidan mai ka yi sabon haɗi domin gwajin nan. Sannan ka lanƙwasa 'yar waya ka zaƙulo filtar da ke lilo a ƙarshen tiyo cikin tanki, in ta yi baƙi ko ta yi tauri canza ta, ba tsada gare ta ba. Tiyon kansa ka ɗan ja shi a hankali kana kallon jikinsa a haske, musamman daidai inda ya fito daga tanki, nan yake yawan tsagewa, kuma tsagar ba ta nunawa sai an miƙe shi. Tiyo mai tsaga kamar ka sha lemo ne da sitiro mai huji, sai zuƙa kake amma iska ce ke zuwa. Ka kuma gwada sassauta murfin tanki kaɗan ka tayar, in ya zauna to 'yar hanyar da tanki ke shaƙar iska ce ta toshe, kodayake wannan yawanci sai inji ya yi wasu mintuna yake nunawa, ba nan take irin naka ba.

Yanzu ga wanda nake zargi na farko. Injin yankan katako ba shi da famfon mai na lantarki, kuma tankinsa ba a sama yake ba balle mai ya gangaro da kansa kamar na ƙaramin janareta, dole ya yi aiki a kwance, a karkace, har a kife. To abin da ke jawo mai wani ɗan faifai ne siriri a cikin kafireta, shi kuma abin da ke kaɗa shi numfashin cikin injin ne, duk hawa da saukar fistin yana tura iska yana janye ta ta wani ɗan guntun tiyo baƙi da ya taso daga jikin inji zuwa bayan kafireta. Wannan tiyon a lungu yake, kuma lokacin da ake cire bulok ana mayarwa ana girgiza wurin, cikin sauƙi yake zamewa daga bakinsa ko ya tsage in ya tsufa, mai gyaran da bai saba da irin injin ba ma bai san da zamansa ba. In ya fita, cok zai iya tsotso ɗan man da zai tayar da inji, amma babu mai ci gaba da kawowa, ga kuma ramin da ya bari a buɗe iska na shiga. Kaga duka alamomin da ka lissafa sun haɗu a wuri ɗaya kenan. Gwajinsa mai sauƙi ne, cire kafireta, nemi ɗan ramin da ke haɗuwa da bayanta, shafa masa ɗan giris a baki sannan wani ya ja igiya a hankali kana kallo. In hanyar lafiya take zaka ga giris ɗin yana ɗan kumbura yana lotsawa, ko ma ya tofar da shi waje. In ko motsi bai yi ba, ka samu ɓarawonka. A wasu injinan, musamman ƙanana 'yan China, ba tiyo ba ne ɗan rami ne da ya ratsa ta gasket, in aka juya gasket ɗin ko aka cika masa gam sai ya toshe, sakamakon duk ɗaya ne.

Na biyu kayan cikin kafiretar da aka canza. A kafireta mai kusurwa huɗu irin ta wannan injin gefe biyu ne kuma jerinsu ba iri ɗaya ba ne, nan ake yawan yin kuskure. Gefen famfo, wato inda faifan yake da 'yan harsuna guda biyu ƙanana, faifan ne ke kwanciya a jikin kafireta kai tsaye sannan gasket ya biyo baya sai murfi, saboda harsunan nan su ne ke rufe ramuka suna buɗewa, in ka sa gasket a ƙarƙashinsu sun tashi daga aiki. Ɗaya gefen mai faifai da ɗan farantin ƙarfe a tsakiya, gasket ne farko sannan faifai, farantin yana kallon ciki. Masu babban injin Stihl 070 kada ku ɗauki wannan jerin ku kai kan naku, kafiretarsa Tillotson ce da aka jera komai hawa-hawa a gefe ɗaya, lissafinta daban. In an buɗe a duba ɗan rariyar waya da ke ciki wanda bai kai ƙwayar wake ba, yakan cika da garin katako har ya zama kamar auduga, a kuma duba ɗan ƙarfen da ke ɗaga allura, in an sa sabo ya kwanta ƙasa da yadda tsohon yake to mai ba zai ishi inji ba, in ya yi sama kuma ya dinga ambaliya fulogi na jiƙewa. Kuma a daina tsokalar ramukan kafireta da waya ko allurar ɗinki, fetur mai tsabta da iska sun isa. Ina fatan dai ba ku yar da tsofaffin kayan ba, don kayan kasuwa wani sa'in lambarsu ɗaya amma ramukan ba su dace ba, sai an ɗora sabo a kan tsoho ake ganewa.

In waɗannan duk lafiya, to sai a koma neman inda inji ke shan iska, kuma gaskiya ko da an samu laifi a sama ni zan so a yi wannan gwajin saboda yadda fistin na farko ya mutu. Wuraren sanannu ne. Akwai robar wuya da ta haɗa kafireta da bulok, tana da lanƙwasa-lanƙwasa kuma a cikin lanƙwasar take tsagewa ta ƙasa inda ido ba ya kaiwa, dole sai an cire ta an miƙe ta da yatsu, sannan a tabbatar zoben da ke ɗaure ta a jikin sabon bulok ya zauna daidai. Akwai gasket na ƙasan bulok, in ba a kankare tsohon tas ba ko ba a ɗaure kusoshi huɗun nan daidai wa daida ba. In naka na da ɗan maɓallin rage matsi a saman bulok shi ma a duba ɗaurinsa. Sai manyan masu laifi, oyil sil guda biyu na karanshaf, wato zoben robar da ke hana iska shiga ko fita ta gefen sandar da fistin ke juyawa, ɗaya bayan fulawil ɗaya bayan kuloci. Su ne ba a gani, su ne kuma ba a canzawa in an ce an yi wa inji aiki, saboda sai an cire fulawil da kuloci, mai gyara kuma yana sauri. Alamarsu ita ce silo mai hawa da sauka ba dalili, sarƙa na gudu ba a taɓa totur ba, kusar L ta kafireta, wato ta ƙaramin gudu, ba ta jin magana duk yadda aka murɗa ta, in kuma ka kwantar da injin ta gefe ɗaya yana aiki sai kaji muryarsa ta canza ko ya mutu.

Yadda ake kama su shi ne a hura wa injin iska a ga ko zai riƙe. A yanko roba guda biyu daga tsohon tib na mashin, a toshe bakin salansa da ɗaya a mayar da salansar a ɗaure a kai, a toshe bakin kafireta da ɗaya haka nan, fulogi na ɗaure, sai a hura iska ta wancan ɗan tiyon numfashi. Matsin iskar da kamfanin Stihl ke bayarwa rabin "bar" ne, wato 0.5 a agogon abin gwajin, kuma allura ta tsaya ba ta sauka ba aƙalla daƙiƙa 20. Wanda ba shi da abin gwajin, abin awon hawan jini na hannu mai 'yar roba da agogo yana yi, ƙarshen agogonsa 300 ne, ya ɗan gaza rabin "bar" ɗin amma ya isa ya tona asiri. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a kai wa mai faci ya sa masa iskar kwamfuresa, wannan ko lafiyayyen sil sai ta fitar da shi. In allura na sauka sai a kaɗa ruwan omo a shafa da gashin kaza ko ɗan buroshi a kewayen sil da gasket da robar wuya, inda yake yoyo zaka ga kumfa na tasowa ƙanana-ƙanana suna taruwa a wuri ɗaya suna fashewa. Sil yakan riƙe turi amma ya kasa riƙe zuƙa, don haka in mai gyara na da famfon da ke janye iska a gwada ta nan ma. Kuma kafin a sa sabon sil a kama bakin karanshaf a girgiza sama da ƙasa, in yana da wasa boris ne ya tafi, sabon sil ba zai yi kwana nawa ba zai bi sahu.

Tunda za a cire salansa, ka leƙa ta ramin da tocilan kana jan igiya a hankali. Sabon fistin ya kamata ka gan shi sumul yana sheƙi da ɗan mai, in ka ga zane-zane a tsaye daga sama zuwa ƙasa to ya riga ya fara ci, shi yasa nace ka daina tayarwa. A tabbatar kuma kibiyar da ke saman fistin tana kallon salansa, kuma fistin na MS 381 milimita 52 ne, akwai 'yan uwansa tsofaffin 038 masu ƙaramin baki da ke kama da shi a ido. Salansar ma a ƙwanƙwasa ta a fitar da gawayi da ɓurɓushin tsohon fistin, kada ya koma ciki.

Sai bayan duk wannan ake taɓa kusoshi, ba kafin ba. Guda uku ne, L ta ƙaramin gudu, H ta babban gudu, LA kuma ita ce ta silo kawai, ba ruwanta da yawan mai. Tunda an riga an hargitsa su, in ba su da hular roba mai tsayar da su a mayar da L da H ciki a hankali har su taɓa, ba a matsawa don bakinsu na lalacewa, sannan a buɗe kowacce zagaye ɗaya, daga nan ake farawa. A bar inji ya ɗumama, a daidaita L har ya amsa totur ba tare da shaƙewa ba, a sauke LA har sarƙa ta tsaya. H kuwa ita ce mai kashe inji. Yaranmu suna son su ji yana kuka siriri kamar zai tashi sama, suce ya yi wuta, alhali wannan kukan yunwar mai ce. Daidai shi ne in ka danna totur duka ba a cikin itace ba kaji muryar da ɗan kauri tana ɗan gurgura, da ka sa shi a itace kuma ta washe. Sabon bulok kuma littafin Stihl yace kada a dinga ba shi wuta duka a banza ba a cikin itace ba har sai ya sha tanki uku, don haka ka fara da dogon yaron nan da malaina, kirya da marke su jira tukuna.

Lokacin gwaje-gwajen nan a ƙasa ake ajiye inji, ƙafa a cikin mariƙin baya, birkin sarƙa a kulle lokacin tayarwa, yara su matsa. Injin da silo ɗinsa ke sama sarƙarsa na iya zabura kowane lokaci, wannan tayarwar da ake yi a tsaye ana wurga shi ƙasa da hannu ɗaya ba ta wannan halin ba ce, ba ta kowane hali ba ce ma. In an bi duk wannan, inji ya riƙe iska, numfashi na zuwa, jeri daidai, amma har yanzu shiru, to a lokacin ne zan ce maka sayi kafireta, ka tafi da tsohuwar a hannu a gwada lamba.

TAMBAYA

Salam Oga. Nawa injin yankan katakon ƙaramin ɗan China ne mai lamba 5800, an canza masa ringi. Yana aiki lafiya lau kamar minti goma ko sha biyar sai ya mutu, ba zai sake tashi ba sai ya huce. Kuma don Allah mai nawa ake zubawa a fetur, don kowa da abin da yake faɗa, ni dai na mashin nake sawa da murfin galan.

Daga wani mai sana'ar itace, Bauchi

AMSA

Wa alaikas salam ɗan uwa, naka ba irin na mutumin Kumo ba ne. Da zarar ya mutu kada ka jira, buɗe murfin tanki ka saurara, in kaji ya yi tsss yana zuƙar iska kuma ka rufe ya tashi nan take, hanyar iskar tanki ce, a wanke ko a canza. In bai tashi ba, cire fulogi da zafinsa ka sa shi a hularsa ka jingina da jikin bulok nesa da ramin fulogin ka ja igiya, in babu wuta amma bayan ya huce ta dawo to koyil ne ke mutuwa in ya ji zafi, ba a gyaransa sai canji. Wajen ɗaura sabo a sa irin ɗan katin nan da 'yan kasuwa ke rabawa mai lambar waya tsakanin koyil da maganaɗisun fulawil a ɗaure a zare katin, kusan milimita 0.3 kenan, bakin fulogi kuma wajen 0.5 zuwa 0.6. Ka bi wayar makashi ma ka gani ko ta goge tana taɓa jiki. Sannan ka buɗe murfin sama ka share haƙarƙarin bulok, garin katako da mai da ƙurar hunturu sukan toshe su har iskar fulawil ta kasa wucewa, filtar iska ma a wannan yanayin kullum ake kakkaɓe ta.

Maganar haɗi, man mashin mai tafiya da baƙin mai daban ba a yi shi don ya ƙone tare da fetur ba, gawayi yake tarawa a ringi da salansa, ka nemi wanda aka rubuta 2T a jikinsa. Mai kyau irin na kamfani 50 da 1 ake yi, wato mililita 100 a lita 5. Irin naka 'yan China da yawansu 25 da 1 ake rubuta musu, mililita 200 a lita 5 kenan, duba jikin tankin ko littafinsa ka bi abin da ke wurin. Murfin galan ba ma'auni ba ne, sayi babban sirinji a kemis ka ajiye don wannan, ka fara zuba man a galan sannan fetur, ka girgiza sosai, kuma kada ka haɗa wanda zai wuce maka wata ɗaya.